Shirin lafiya da tsaro kafin tafiya Maldives

Maldives ƙasa ce ta tsibirai a Tekun Indiya, kudu maso yammacin Indiya da Sri Lanka. Tsibiran sun kusa 1,200 amma waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba, wasu kuma an mayar da su otal ɗungurungum, tsibiri ɗaya otal ɗaya. Babban birnin shi ne Male, harshensu Dibehi, kuɗinsu rufiya, kuma ƙasar Musulmi ce, shi ya sa maganar abincin halal da masallaci ba ta tasowa. Zafin yana tsakanin digiri 25 zuwa 31 duk shekara, wanda ya sha zafin Maiduguri a watan Afrilu zai yi dariya, amma fa zafi ne mai laima, gumi ba ya bushewa a jiki. Damina daga Mayu zuwa Nuwamba ne, lokacin teku ke yin fushi, rani kuma Disamba zuwa Afrilu.

Abin da ya kamata matafiyi daga Najeriya ko Nijar ya gane tun farko shi ne, cutukan da ya saba tsoro a gida ba su ne matsalar can ba.

Takardu da rigakafi

Ana ba da biza ta kwana 30 a filin jirgin Velana da ke kusa da Male idan ka sauka, akwai kuma fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin isowa. Babu jirgi kai tsaye daga ƙasashenmu, yawanci sai an biyo ta Doha ko Dubai ko Istanbul. Abin da ke kayar da mutane shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara, wato yalo kat. Babu shawara a Maldives, amma akwai irin sauron da ke yaɗa ta, saboda haka duk wanda ya fito daga ƙasar da ake da cutar, kamar Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, ana neman katin a hannunsa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, toh wanda ya yi ta ana saura kwana uku tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Likitoci na kuma ba da shawarar rigakafin taifot da na ciwon hanta rukunin A.

Sauro

A 2015 aka tabbatar Maldives ta rabu da maleriya, don haka ba a buƙatar maganin rigakafinta. Matsalar can zazzaɓin dengi ne da chikungunya, kuma sauron da ke kawo su, mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma bayan la'asar, mu kuwa mun saba sai dare ya yi ake kunna maganin sauro a shiga gidan sauro, a can wannan dabarar rabin aiki ce kawai. Sai dai man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET da tufa mai dogon hannu. Dengi na zuwa da zazzaɓi mai ƙarfi, ciwon kai a bayan ido, ciwon gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka. Ba shi da magani na musamman, hutu ne da shan ruwa da farasitamol, kuma a nan ne al'adarmu ta zuwa kemis a haɗo magani ke da haɗari, domin asfirin da ibuprofen na ƙara yiwuwar zubar jini ga mai dengi.

Akwai wani juyi kuma. Mutum na iya tasowa daga Kano da maleriyarsa a jiki ta bayyana masa a can, likitan tsibiri kuwa tunaninsa dengi zai fara zuwa, don haka dole a faɗa masa daga inda aka fito a nemi gwajin maleriya.

Teku da rana

Ruwan ya fi sauron haɗari. A ido tas yake, kana ganin yashi a ƙasa kamar ba zurfi, amma a mashigai tsakanin tsibirai igiyar ruwa na ja da ƙarfi, kuma iyon da aka koya a kududdufi ko bakin dam ba ya aiki a nan. Rigar ceto ba abin kunya ba ce, kuma ba a shiga ruwa mutum shi kaɗai. Murjani, wato duwatsu masu kaifi da ke ƙarƙashin teku, na yanka ƙafa, ciwon kuma yana saurin ruruwa a wannan laimar, a wanke da ruwa mai daɗi da sabulu nan take. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska, ƙa'idar da aka fi bi ita ce ya jira awa 24 kafin ya hau jirgin sama. Mai sikila kuwa nutson ba nasa ba ne sam, ya kuma riƙa shan ruwa sosai don ƙarancin ruwa a jiki na tayar da ciwon.

Layin da ya raba duniya biyu ya ratsa kudancin ƙasar, rana tana saukowa a miƙe, baƙar fata ma tana ƙonewa ta yi saɓa, kar wani ya ce mu ba ruwanmu da man kare rana. Ruwan sha yawanci na teku ne da aka tace ko na sama da aka tara, na gora ya fi kwanciyar hankali.

Asibiti da doka

Manyan asibitoci suna Male da tsibirin Hulhumale da ke kusa da shi, irin su Indira Gandhi Memorial da ADK da Tree Top. Tsibiri mai nisa ɗan kilinik ne kawai, jiragen sama masu sauka a kan ruwa kuma ba sa tashi da dare, idan ciwo ya taso tsakar dare sai kwale-kwale mai inji, kuɗin kuma da dala ake lissafa shi. Wannan ne dalilin inshorar tafiya, a duba ko ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga tsibiri. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganinsa da zai ishe shi har da rara, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita, musamman irin su tiramadol da kodin, don dokar ƙwayoyi a can ba wasa. Kwastan na hana shigo da giya da naman alade, tun ƙarshen 2024 kuma aka hana sigarin lantarki. Lambar 'yan sanda 119 ce, ta motar asibiti 102. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, jiragen ruwa na haya da yawa ba sa aiki ran Juma'a.