Kafa Manhajar Nazarin Bayanai A Kamfani: Tambayoyin Da Ake Yi Kafin A Biya Lasisi Da Bayan An Biya

Idan kamfani ya yi rassa, taron ƙarshen wata yakan koma filin musu. Manajan sayarwa ya zo da adadinsa, akanta ya zo da nasa, mai kula da sito ya ce duk ba haka ba ne. A irin wannan lokacin ne wani yakan ce a sayo manhajar BI (business intelligence), wato manhajar nazarin bayanan kasuwanci. Ga amsar tambayoyin da sukan biyo baya. Mafi yawan misalan daga Power BI na kamfanin Microsoft suke, amma matsalolin kusan iri ɗaya ne a sauran manhajojin.

Wai mene ne aikin wannan manhaja?

Tana jawo bayanai daga wuraren da suke warwatse, wato manhajar akanta, ta sito, ta albashi da takardun Excel na rassa, ta haɗa su wuri guda, ta fito da su a allo cikin jadawali da zane. Manaja zai iya danna jiha ɗaya ya ga cinikinta, ya sake dannawa ya ga wane kaya ne ya ja ta ƙasa. Tunanin ba sabo ba ne. Tun 1958 wani masanin kamfanin IBM, Hans Peter Luhn, ya yi rubutu a kan tsarin da zai riƙa kai wa ma'aikata bayanin da suke buƙata kai tsaye. Abin da ya sauya shi ne farashi da sauƙin amfani. A da sai manyan bankuna da kamfanonin ƙasa da ƙasa. Yanzu kamfanin rarraba kaya mai ma'aikata hamsin ma zai iya.

Excel ɗin da muke amfani da shi bai isa ba?

Ya isa har zuwa wani mataki, kuma ba zai bar ofis ba ko bayan an kafa BI. Matsalarsa ita ce yakan yi kuskure shiru, ba tare da ya sanar da kowa ba. A Ingila, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, hukumar lafiyar al'umma ta ƙasar ta bar mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba a saka su cikin ƙidaya ba. Ana tara sakamakon ne a tsohon nau'in fayil ɗin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536, sai duk abin da ya haura ya riƙa faɗuwa. Sabon nau'in yana ɗaukar layi 1,048,576, amma shi ma yana da iyaka. Ga kuma fayil da ake aikawa ta imel ko WhatsApp, kowa ya gyara nasa, har a rasa wanne ne na ƙarshe.

Wacce ya kamata mu saya?

Wannan ce tambayar da ake ɓata wa lokaci fiye da kima. Power BI ta fito a Yulin 2015, kuma ta fi dacewa da kamfanin da dama yake kan Microsoft 365. Akwai Tableau, wadda Salesforce ya saya a 2019 kan dala biliyan 15.7, an san ta da kyan zane. Akwai Looker da Google ya saya kan dala biliyan 2.6, da Qlik da ta samo asali a Suwidin. Tsofaffin kamfanonin BI kuwa tun 2007 manya suka fara haɗiye su: Oracle ya ɗauki Hyperion, SAP ya ɗauki Business Objects, IBM ya ɗauki Cognos. Ga wanda yake da injiniyoyi amma ba shi da kuɗin lasisi, Metabase da Apache Superset ana iya ɗora su a sabar kamfani kyauta.

Shawarata ita ce a duba abu biyu: wace manhaja ce ta fi saurin haɗuwa da inda bayananku suke, kuma wacce za ku iya samun ma'aikacin da ya iya ta a garinku. Sauran bambance-bambancen da masu talla ke nunawa ba su cika taɓa aikin yau da kullum ba.

An ce Power BI kyauta ce. Gaskiya ne?

Ɓangaren da ake gina rahoto da shi a kwamfuta, Power BI Desktop, kyauta ne, kodayake a Windows kawai yake aiki. Kuɗi yana shigowa ne ranar da kake son wani ya ga abin da ka gina. Lasisin Pro ya daɗe a kan kusan dala 10 ga kowane mutum a wata, sai aka ɗaga shi zuwa 14 daga Afrilun 2025. Na sama da shi, Premium Per User, ya tashi daga 20 zuwa 24. Kuma mai kallo ma sai ya biya, ba mai gini kaɗai ba. Ma'aikata 200 a kan Pro sun kama dala 2,800 a wata, wato 33,600 a shekara. Kamfanin da yake samun kuɗinsa da naira ya san abin da hakan yake nufi duk lokacin da canji ya motsa.

Idan masu kallon sun yi yawa, akan koma hayar ƙarfin inji gaba ɗaya a ƙarƙashin Microsoft Fabric, wanda aka buɗe wa kowa a Nuwamban 2023. Daga matakin F64 zuwa sama, masu kallo ba sa buƙatar lasisin Pro. Sai a zauna da kalkuleta a ga inda lissafin ya juya. Sannan a tuna lasisi ba shi ne babban kashe kuɗi ba. Albashin wanda zai tsaftace bayanan ya kuma riƙe tsarin yakan fi shi.

To daga ina ake farawa?

Daga ɗakin taro, kafin a taɓa kwamfuta. A ɗauki kamfanin da yake rarraba shinkafa, mai da sukari ga 'yan kasuwa a jihohi da dama. Shugaba ya ce yana son ganin cinikin watan jiya. Manajan sayarwa yana ƙirga duk abin da aka yanka wa rasiti. Mai sito yana ƙirga abin da mota ta ɗauka ta fita. Akanta yana ƙirga kuɗin da ya shigo banki, shi bai san da buhu 300 da aka ba wani dila bashi ranar 30 ga wata ba. Ga kayan da aka dawo da su saboda ruwa ya taɓa su: a watan da aka sayar za a cire su, ko a watan da suka dawo? Da harajin kaya ake ƙirgawa ko ban da shi? Dukkansu suna da gaskiya, amma kowa da tiyar da yake awo da ita, shi ya sa buhun ba zai taɓa cika daidai ba.

Manhaja ba ta warware wannan. Idan aka kafa ta kafin a yi ittifaƙi, abin da za a samu shi ne adadi uku masu karo da juna a cikin launuka masu kyau. Saboda haka sai a zaɓi ma'aunai kaɗan, goma ko ƙasa da haka, a rubuta yadda ake lissafin kowanne, a sa sunan mutumin da yake da hurumin sauya shi. Wannan takardar ta fi kowane allo muhimmanci, kuma ita ce aka fi gudu, domin tana tono rigimar da ke tsakanin sassa.

Bayan nan sai tsaftacewa. Dila ɗaya zai fito sau huɗu a rajista: Alh. a wani reshe, Alhaji a wani, wani wurin da sunan shagonsa, wani wurin da lambar wayarsa. Wani reshen yana rubuta katan, wani yana rubuta guda. Kwanan wata wani ya fara da rana, wani da wata. Power Query, wato ɓangaren Power BI da ake tsaftace bayanai da shi, zai iya gyara da yawa daga ciki, amma gyaran da ya fi ɗorewa shi ne a wurin shigarwa, a hana magatakarda ƙirƙirar sabon dila ba tare da lamba ba. Sai an gama wannan ake gina samfurin bayanai guda ɗaya, tebur na ciniki a tsakiya, teburorin kaya, dila, reshe da kwanan wata suna kewaye da shi, tsarin da Ralph Kimball ya yaɗa. Duk rahotanni daga shi za su sha.

Kuma a fara da sashe ɗaya. Kamfanin da ya ce zai haɗa kowa da kowa a tashin farko yakan kai shekara bai nuna komai ba.

Bayananmu suna sabar ofis. Dole ne mu kai su gajimare, wato sabobin Microsoft da ake shiga ta intanet?

Ba dole ba ne. Akwai Power BI Report Server da ake ɗorawa a cikin gida, sai dai ba ta da duk abubuwan da ta gajimare take da su. Abin da aka fi yi shi ne a bar rumbun bayanai a ofis, a sa wata 'yar manhaja da ake kira getwe ta zama ƙofa tsakaninsa da gajimare.

Nan ne ake yawan samun matsala a wurarenmu. Getwe tana buƙatar injin Windows da yake kunne dare da rana, da intanet mai tsayawa. Idan aka ɗora ta a laftof ɗin wani ma'aikaci, ya rufe ya tafi gida, sabuntawar ƙarfe shida na safe, wato jawo sababbin bayanai cikin rahoto, ta faɗi. Haka idan aka ɗauke wuta kuma inbata ta mutu kafin a tayar da janareta. Idan sabuntawar ta faɗi sau huɗu a jere, Power BI yana kashe jadawalin sabuntawar gaba ɗaya, sai an je an kunna da hannu. Allon kuwa zai ci gaba da nuna adadin makon jiya kamar babu abin da ya faru. Saboda haka a sa getwe a injuna biyu, a ajiye mabuɗin farfaɗo da ita a inda ba mutum ɗaya ne kawai ya sani ba, a riƙa sabunta ta tunda kowane wata ake fitar da sabuwa. A saman kowane rahoto kuma a rubuta ranar da lokacin da aka sabunta shi.

Maigida yana son ganin komai nan take. Zai yiwu?

Zai yiwu, amma a tambaye shi wace shawara zai yanke ƙarfe goma da ba za ta jira sha biyu ba. Hanyar da aka saba ita ce a kwafo bayanan cikin manhajar, a riƙa sabuntawa. A kan Pro ana iya yi sau 8 a rana, samfurin kuma kada ya wuce gigabait 1. A kan Premium har sau 48. Ɗaya hanyar, DirectQuery, tana aika tambaya zuwa rumbun kamfani duk lokacin da wani ya danna allo. Idan rumbun shi ne wanda masu karɓar kuɗi suke aiki a kai, manajoji ashirin suka buɗe rahoto da safiyar Litinin, layi zai taru a gaban masu karɓar kuɗin. Yawancin rahotannin shugabanni sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar da su.

Yaya za a hana manajan wani reshe ganin na wani, ko ganin albashin mutane?

Akwai tsaron da ake sawa a kan layukan bayanai. Rahoto ɗaya ne, amma idan manajan Sakkwato ya shiga, Sakkwato kawai zai gani. Sai dai akwai tarko: wannan tsaron yana aiki ne a kan wanda aka ba matsayin mai kallo kaɗai. Duk wanda aka ba ikon gyara a zauren aikin, wato inda ake ajiye rahotannin a Power BI, yana ganin komai. Sau da yawa don a girmama babba sai a ba shi matsayi mafi girma, da haka an buɗe masa abin da ba a yi niyya ba.

Na biyu, akwai maɓalli mai suna Publish to web. Wanda ya danna shi ya saki rahoton ga duk mai intanet, babu kalmar sirri, babu shiga. An yi shi ne don bayanan da ake son jama'a su gani. A kashe shi daga shafin mai gudanarwa tun ranar farko, a bar wa mutum ɗaya ko biyu.

Doka ta ce wani abu a kan wannan?

A Najeriya, dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta shafi duk kamfanin da yake riƙe da sunaye, lambobin waya ko bayanan asusun kwastomomi da ma'aikata. Ta ɗora sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan bayanai zuwa wata ƙasa, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da mutane. A Power BI, ƙasar da aka zaɓa ranar da aka fara buɗe asusun kamfani ita ke tantance yankin da bayanai za su zauna, kuma sauya shi daga baya ba ƙaramin aiki ba ne. Hanya mafi sauƙi ta rage haɗari ita ce kada a jawo abin da rahoton ba ya buƙata. Jadawalin ciniki ba ya neman lambar wayar kowa.

An ƙaddamar, kowa ya tafa. Me ya rage?

Mafi yawan aikin. Cikin 'yan watanni rahotanni za su hayayyafa, ka ga wani mai suna na ƙarshe, wani na ƙarshe na gaske, wani kwafin Malam wane. Dole a ware inda ake gini, inda ake gwaji, da inda jama'a suke kallo, kada a riƙa gyara a kan wanda shugaba zai buɗe gobe. Samfurin da aka amince da shi a sa masa tambarin tantancewa. Duk wata uku a duba ƙididdigar masu buɗewa, wanda babu mai leƙawa a janye shi. Lasisin waɗanda suka bar aiki ma a ƙwace, don ana ci gaba da cirar kuɗinsa.

Sai batun mutum ɗaya da ya san komai. Shi ya rubuta lissafin DAX, wato yaren da ake rubuta lissafi da shi a Power BI, da asusunsa aka haɗa rumbun bayanai. Ranar da ya samu aiki a waje aka rufe asusun, sabuntawa ta tsaya. A yi haɗin da asusun kamfani, a sa shi ya rubuta abin da ya gina, kuma a ba shi mataimaki tun yana nan.

Mutanenmu suna buɗe allon ne kawai su sauke shi zuwa Excel. Mun yi asara ke nan?

A'a, sai dai a bincika dalili. Je ka zauna kusa da ɗaya daga cikinsu ka ga me yake yi da fayil ɗin bayan ya sauke. Wataƙila yana ƙara wani shafi da rahoton bai da shi, kamar kwanakin da bashi ya yi a hannun dila. To a ƙara shi. Wataƙila bai yarda da adadin ba yana sake lissafi da kansa, sai a koma takardar ma'aunai tare da shi a gano inda aka rabu. Wani kuma akanta ne, hannunsa ya saba da Excel, shi sai a haɗa masa Excel ɗin kai tsaye da samfurin kamfani, ya yi aikinsa a inda ya saba amma da adadin da kowa yake gani. Idan kuma a taron wata shugaba har yanzu takardar da aka buga yake tambaya, to daga wurinsa za a fara horon.