Waiwaye: Hatsin da Ya Maƙale a Rumbu da Faɗuwar Gidan Sarautar Rasha

Har yau mutanen Rasha ba su gama gardama a kan sarkinsu na ƙarshe ba. A 2000 cocin ƙasar ya sanya Nikolas na Biyu da iyalinsa cikin waliyyai, wasu kuwa na cewa sarautar ce ta tsufa ta ci kanta. Ƙasusuwan 'ya'yansa biyu da aka gano a 2007 ma sun sake tayar da ƙura. Ku matasa da kuka tsinci labarin daga tsakiya, kada ku ɗauka an kwana da sarki ne aka wayi gari babu shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Gidan Romanov ya hau karaga a 1613, Nikolas ya gaji mahaifinsa a 1894. Japan ta ci Rasha da yaƙi a 1905, a Janairun shekarar kuma aka buɗe wuta a kan ma'aikatan da suka nufi fada da kokensu, boren da ya biyo baya ya haifar da majalisar Duma. Ga rashin lafiyar Yarima Alexei, wanda jininsa ba ya tsayawa in ya ji rauni, ga surutan gari a kan Rasputin, wani mai da'awar waliyyaka da ya samu fada wurin matar sarki. Duk wannan an sha faɗa. Amma sarautar ta tsallake 1905, har ta yi gagarumin bikin cika shekara 300 a 1913.

Inda nake so ku tsaya ku duba da kyau shi ne kakar 1916, a ƙauye.

Kafin yaƙin duniya na farko Rasha tana cikin manyan masu sayar wa duniya hatsi. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, Turkawa suka rufe mashigin tekun da jiragen alkama ke bi, hatsi ya zauna a gida. Ke nan kamata ya yi abinci ya wadata. To amma an kwashi maza kimanin miliyan 15 zuwa soja, akasarinsu manoma, aka haɗa da dawakan huɗa. Yaƙi na cin kuɗi, sai aka yi ta buga takardun rubul, darajarsu na zubewa. Masana'antu suka koma ƙera harsasai. Manomi zai kai hatsinsa kasuwa, a ba shi takarda, ya zaga ya rasa kananzir, ya rasa ƙusa da yadi da takalmi, in ma ya samu kuɗin ba su kai ba. A Satumban 1916 aka ƙayyade farashin hatsi, alhali na sauran kaya yana ta hawa. Sai manomi ya ja ƙofar rumbunsa ya rufe, wani ya zuba wa dabbobinsa. Ni ban ga laifinsa ba, iyalinsa yake karewa. A Disamba aka yanka wa kowane lardi adadin da zai kawo, abin da ya iso bai kai ba.

Wanda aka samu ma, kai shi birni ya zama aiki. Layin dogo ya cika da sojoji da makamai. Kwal ɗin da Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, ke samu daga Ingila ta teku ya yanke, dole a jawo shi daga kudu a kan wannan layin. Sanyin shekarar ya yi tsanani, ƙanƙara ta toshe hanya, injuna suka lalace, taragu cike da gari suka tsaya a tashoshi. Mata kan fito layin burodi tun cikin dare, su daskare a tsaye, gari ya waye a ce ya ƙare. Rahoton 'yan sandan ciki na farkon 1917 ya yi gargaɗin cewa waɗannan iyaye mata sun fi 'yan siyasa kusa da juyin juya hali.

Haka kuwa aka yi. Ranar 8 ga Maris 1917 matan masaƙu na unguwar Vyborg da ke Petrograd suka bar aiki suka fito neman burodi, maza suka mara musu baya. Ranar 12 ga wata sojojin birnin suka koma ɓangaren jama'a, da ma 'ya'yan manoman nan ne aka sa wa kaki. Ranar 15 Nikolas ya yi murabus cikin jirgin ƙasa a Pskov, washegari ƙanensa Mikhail ya ƙi karɓar sarautar.

Gwamnatin riƙon da ta biyo baya ta gaji yaƙin, ta gaji layin burodin, ita ma ba ta wuce Nuwamba ba. Iyalan sarki kuwa aka tsare su, aka kai su garin Tobolsk da ke Siberiya, daga can sai birnin Yekaterinburg. A daren 16 zuwa 17 ga Yuli 1918 aka harbe Nikolas da matarsa Alexandra da 'ya'yansu biyar, tare da likitansu da barori uku. Babbar cikin 'ya'yan, Olga, shekararta 22, Alexei kuwa 13, yaran da ba su da hannu a komai.