Auna ƙwarewar motsin jiki ta asali a wajen ƙananan yara

Ƙwarewar motsin jiki ta asali su ne motsin da yaro ke koya tun yana ƙarami waɗanda daga baya ake gina wasanni a kansu, irinsu gudu, tsalle, ɗangalgala da ƙafa ɗaya, jifa, cafe ƙwallo, shurin ƙwallo da tsayuwa daram ba tangaɗi. Masana sukan kasa su uku, akwai na tafiya daga nan zuwa can, akwai na sarrafa abu da hannu ko ƙafa, sai na daidaita jiki. Mutane da yawa sun ɗauka yaro da kansa yake iyawa in ya girma, toh gaskiya girma kaɗai bai isa ba, sai ya samu fili da wasa da mai nuna mai.

Awon iri biyu ne. Na farko sakamako yake kallo, wato taku nawa yaron ya tsallaka, sakan nawa ya yi a gudun. Na biyun kuma yadda aka yi motsin yake kallo, kuma shi ne ya fi amfani ga malami, don yaro mai ƙarfi zai iya wurga ƙwallo nesa da hannu kawai ko juya ƙugu bai yi ba, awon nisa zai ce ya iya alhali da sauransa.

Gwajin da ya fi shahara a wannan fannin shi ne TGMD, wato gwajin ci gaban manyan motsin jiki, wanda Dale Ulrich ɗan Amurka ya fitar a 1985, bugu na biyu ya zo a 2000, yanzu ana kan na uku. Na yara ne ƴan shekara 3 zuwa 10. Bugu na biyu motsi 12 gare shi, shida na tafiya shida na ƙwallo, na ukun ya kai 13. Mai gwajin zai fara nunawa yaron, yaron ya gwada sau ɗaya ba maki, sannan ya yi sau biyu ana rubutawa. Kowane motsi an yanka shi gaɓa-gaɓa, misali a jifa ana duba ko ya kai hannu baya, ko ya juya jiki, ko ya tako da ƙafar da ba ta ɓangaren hannun jifan ba, in ya yi a ba shi 1 in bai yi ba sifili. Yawanci ana ɗaukar bidiyo saboda abun yana wucewa kamar ƙiftawar ido, ga yaro ɗan shekara 3 in ya ga baƙon fuska sai ya ƙi motsawa ma baki ɗaya.

Akwai kuma gwajin Movement ABC na Ingila, na Sheila Henderson da David Sugden, 1992, shi an fi amfani da shi wajen gano yaran da ke da matsalar haɗa motsi. Jamusawa suna da nasu gwajin mai suna KTK tun 1974, a ciki har tafiya da baya ake sa yaro ya yi a kan siririn katako.

Ga jarirai kuwa lissafin daban ne. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da lokutan zama, rarrafe, tsayuwa da tafiya bayan ta bi yara a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, inda ta nuna lafiyayyen yaro zai iya fara tafiya shi kaɗai daga wajen wata 8 har kusan wata 18, tazarar da faɗi sosai.

Babbar matsalar gwaje-gwajen nan ita ce da su wa ake kwatanta yaron. Ma'aunin TGMD a kan yaran Amurka aka gina shi, kuma a ciki akwai dukan ƙwallo da sanda irin na wasansu na besbol. Yaron Kano ko Maraɗi da ya tashi yana langa zai iya cinye makin tsalle da ƙafa ɗaya tas, yarinya mai carafke ma hannunta ya saba da cafewa, amma a miƙa musu sandar da ba su taɓa riƙewa ba sai makin ya zube, shi ya sa masu bincike a ƙasashe irinsu Brazil suka sake tantance gwajin a kan nasu yaran kafin su yi aiki da shi.