Waiwaye: Takaddamar Tace Fim a Kano, Daga Kaset Zuwa YouTube

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta sanar da dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ana haska su ba tare da an kawo mata ta duba ba. Yaran da suka taso da waya a hannu sun ɗauka sabon rikici ne ya ɓarke. Alhali takaddamar ta kai shekara 25, kuma duk wanda bai san mafarinta ba zai yi ta ɗora laifi a inda bai dace ba.

Kafin zuwan fim ɗin bidiyo, kallon Bahaushe iri biyu ne: wasan kwaikwayo a talabijin, da fim ɗin Indiya a sinima. Sinima kuwa ba ta da suna mai kyau a Kano. Matar aure ba ta zuwa, ɗan mutunci ma idan ya je ba ya so a gan shi a bakin ƙofa. Saboda haka duk abin da ake nunawa a can, a can yake tsayawa. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai fim ya canza mazauni. Ya bar sinima ya shigo tsakar gida, ya zauna a ɗakin uwargida, inda yara da 'yan mata da maƙwabta suke cika tabarma bayan sallar isha'i, a saka kaset, kowa ya yi tsit. A ganina nan ne tushen duk wata damuwa da ta biyo baya: abin da a da sai ka fita ka neme shi, yanzu ya zo ya same ka har gida da yarenka, kuma masu yin sa 'ya'yan unguwa ne da aka san iyayensu.

Cikin shekara goma harkar ta bunƙasa. Marubuta littattafan soyayya suka riƙa mayar da labaransu fim, rawa da waƙa irin ta Indiya ta shigo tare da kiɗan fiyano, kuma ita ce take sayar da kaset. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood, tun kafin a fara jin kalmar Nollywood. A shekarar ce kuma mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa. Amma yadda kasuwa take buɗewa, haka ƙorafi yake ƙaruwa a kan mumbari da majalisun dattawa, a kan shigar 'yan mata da cakuɗuwar maza da mata wajen rawa.

Sai shekarar 2000 ta zo, Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A watan Disamba gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da shiryawa da sayar da fim a jihar baki ɗaya. Akwai abin da ake yawan mantawa da shi a nan. Hukumar tace fina-finai da aka kafa a 2001 ta zo ne a matsayin sulhu. Shugabannin 'yan fim da kansu suka zauna da gwamnati suka ce maimakon a rufe sana'ar, a samar da wanda zai riƙa dubawa kafin a fitar. Wato da hukumar aka ceto sana'ar a wancan lokaci.

Aikinta kuma ya zo da sauƙi, domin hanya ɗaya ce tak tsakanin mai shirya fim da mai kallo. Furodusa zai gama aikinsa, ya buga kwalin kaset mai hoton jarumai, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata. Su ne za su kwafi fim ɗin a kaset, su zura a kwali, dillalai su kwasa zuwa Kaduna, Jos, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Ribar furodusa tana cikin yawan kwalin da ya sayar. To wanda ya tsaya a bakin wannan kasuwa ya riƙe wuyan sana'ar gaba ɗaya. Fim ɗin da ba shi da takardar hukuma, ɗan kasuwa ba zai yarda ya ajiye shi a shagonsa ba, don kada a zo a kwashe masa kaya.

Shekarar da ba za a manta da ita ba ita ce 2007. Wani bidiyon sirri na wata 'yar fim, wanda aka ɗauka da waya kuma ba shi da alaƙa da wani fim, ya bazu a gari. Aka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, haka kuwa aka yi wa masana'antar hukunci. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka fito da sababbin ƙa'idoji masu tsauri, kotun tafi-da-gidanka ta kama aiki. Adam A. Zango ya shiga gidan yari a 2007. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya shiga a 2008. A ƙarshen shekarar aka yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyantama, ɗaya daga cikin dattawan sana'ar, ɗaurin wata uku kan fim ɗinsa Tsintsiya.

Ba zan ce babu gyara a fina-finan wancan zamani ba. Akwai waƙoƙin da mutum ba zai iya kallo da mahaifiyarsa a ɗaki ɗaya ba, kuma iyayen da suka koka suna da gaskiyarsu. Abin da yake ci mini rai shi ne waɗanda suka fi shan wuya ba a taɓa jin sunansu ba: mai riƙe fitila, mai kwalliya, mai dafa wa 'yan lokeshan abinci, yaron shago. Wata shida babu aiki ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Masu hali suka tattara kyamarorinsu suka koma Kaduna da Jos da Abuja. Tun daga nan amana ta yi rauni tsakanin ɓangarorin biyu, ɗan fim ya riƙa kallon hukuma da ido irin na mai tsoron kamu.

Abin da ya durƙusar da kasuwar Ƙofar Wambai kuwa daga wani gefen ya ɓullo. Faifan CD ya maye gurbin kaset, satar fasaha ta yi sauƙi. Sai masu tura fim a waya suka cika bakin titi, yaro da kwamfutarsa a kan tebur, ka miƙa masa memori ya loda maka fim goma, furodusa bai ga ko sisi ba. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka zo suka kwashe sauran masu kallon. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kano bayan malamai sun nuna adawa. Mutane da dama suka bar sana'ar a waɗannan shekaru.

Ceto ya zo ta talabijin da intanet. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da jiran shiri mako-mako. A 2020, shekarar kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka nuna cewa fim mai dogon zango zai iya riƙe kansa da kuɗin YouTube da na masu talla. Kowa ya koma can. Yanzu ɗan Kano da mazaunin Yamai da Bahaushen Kumasi da na Jidda duk a dare ɗaya suke kallon fitowa ɗaya.

Wannan shi ya sauya lissafin hukumar. An gina ta ne don fim mai awa biyu da za a kalla sau ɗaya a ba shi takarda, ya bi ta kasuwa ɗaya. Yau shiri ɗaya yana fitowa duk mako, wani lokaci ana kammala haɗa hoton ana gobe za a ɗora shi, kuma babu shagon da za a je a rufe. Ikon hukumar jiha bai kai kan YouTube ba, tashoshin talabijin kuma suna ƙarƙashin hukumar NBC ta tarayya. Abin da ya rage a hannunta shi ne mutanen: lasisinsu, da izinin ɗaukar fim a cikin Kano. Shi ya sa ba da jimawa da naɗa Abba El-Mustapha a 2023 aka soke lasisin 'yan masana'antar aka ce kowa ya sake rajista.

Akwai bambanci guda da zamanin 2007 wanda ya kamata a lura da shi. Isma'ila Na'abba Afakallahu da ya riƙe hukumar a mulkin Ganduje ɗan fim ne, Abba El-Mustapha ma jarumi ne da ya daɗe a gaban kyamara. Sun san abin da ake nufi da a tara mutum talatin a lokeshan, sun san asarar da furodusa yake yi idan mako ya wuce shiri bai fita ba kuma mai talla ya riga ya biya. Dakatarwar Mayun 2025 ta faɗa ne a kan wannan gaɓa: doka ta ce a kawo kafin a haska, tsarin sana'ar kuma ya koma na fitowar mako-mako, masu kallo suna zaune da waya a hannu suna jiran ƙarfe takwas da rabi ta yi.