Ciwon damuwa: tsakanin shan ƙwaya da injin maganaɗisu

A 'yan watannin nan, a wurin aikina a Bauchi, na sha samun masu jinya da 'yan uwansu suna nuna mini bidiyo a waya na wani inji da ake ɗora wa mutum a ka, wanda aka ce yana warkar da ciwon damuwa ba tare da an sha magani ba. Tambayarsu kusan ɗaya ce: ko su ajiye ƙwayar da likita ya rubuta su nemi wannan inji? Tambaya ce da ta cancanci cikakkiyar amsa, domin injin gaskiya ne, yana kuma da amfani, amma ba kowa aka yi wa shi ba.

Ciwon damuwa ya wuce baƙin cikin kwana biyu. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye yana cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake jin daɗinsa a da ya fita masa a rai, barci da cin abinci suka rikice, jiki ya mutu, har ya fara ganin rayuwarsa ba ta da amfani, to wannan ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 280 ne ke fama da shi a duniya, kuma ya fi kama mata, ciki har da masu jego. Addu'a da kulawar dangi suna da muhimmanci ƙwarai, kuma ba su hana a je asibiti.

Injin da ake magana a kansa, wanda likitoci ke kira TMS, wani masani mai suna Anthony Barker ne da abokan aikinsa suka fara nuna shi a birnin Shefil na Ingila a 1985, kuma a 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi wajen ciwon damuwa. Ana zaunar da mutum a kujera, idonsa biyu, a ɗora masa wani naɗaɗɗen ƙarfe a gefen hagu na gaban kai, sai ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙoƙon kai ya motsa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke da hannu wajen daidaita yanayin zuciya. Ba a yin allurar barci, ba a yanka, kuma mutum na iya tashi ya koma harkarsa. Wannan ya sha bamban da tsohuwar hanyar nan ta amfani da wutar lantarki, wadda ake sa mutum barci kafin a yi masa ita a ciwo mai tsanani. Abin da aka fi kuka da shi shi ne ciwon kai, da zafi a fatar kai, da ƙarar ƙwanƙwasa wadda ta sa ake toshe kunne. Da wuya ƙwarai yake jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, amma yana iya faruwa, shi ya sa dole mai farfaɗiya ya gaya wa likita. Haka kuma duk wanda ke da ƙarfe a cikin kansa, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ko ɓarɓashin harsashi ko na bam, bai kamata a yi masa ba, kuma wannan gargaɗi ne da ya shafe mu a arewa maso gabas fiye da wasu wurare.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan zuwa. A tsarin da aka saba, ana yin zama sau biyar a mako na tsawon mako huɗu zuwa shida, wato zama 20 zuwa 30, kowane ɗaya minti 20 zuwa 40, ko da yake akwai sabon salo na kimanin minti uku. Injin yana da tsada, ba a samunsa a ƙananan asibitocinmu, saboda haka manomi daga Ningi ko Misau da ke son wannan jinya sai ya bar gonarsa da iyalinsa kusan wata guda ko fiye, ya biya kuɗin mota da masauki da na jinyar kanta. Bayan haka ma, ba kowa ke samun sauƙi ba, wasu kuma ciwon kan dawo musu bayan watanni. Mafi muhimmanci, an fi ba da shawarar injin ga wanda ya gwada magani yadda ya kamata bai samu sauƙi ba, ko wanda illolin maganin suka fi ƙarfinsa.

A ganina, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi wa kanmu adalci, domin mafi yawan waɗanda ke ce mini magani bai yi musu aiki ba, idan na bincika, sai in tarar sun sha shi kwana goma suka daina. Magunguna irin su amitiriftilin da fulokzetin da satralin sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, wani lokaci har mako shida, alhali illolinsu kan fito tun a kwanakin farko. Amitiriftilin yana busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida, shi ya sa ake shansa da dare, kuma dole a ɓoye shi daga yara domin shansa da yawa yana iya kisa. Sauran biyun kan sa tashin zuciya ko rashin barci da farko, wasu mutane kuma su rage musu sha'awar iyali, abin da maza da mata da yawa ke jin nauyin faɗa, sai su yar da maganin a ɓoye. Ku faɗa, domin likita na iya rage adadi ko ya canza wani. Wani babban bincike da aka yi a Amurka ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku ne ke warkewa sarai da maganin farko, saboda haka canza magani abu ne da aka saba.

Waɗannan ƙwayoyi ba sa bugarwa kamar tiramol ko kodin, amma ba a yanke su lokaci guda, domin hakan na jawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, sannan a riƙa ragewa a hankali bisa umarnin likita. Mai azumi ya tambaya a daidaita masa lokacin sha zuwa sahur ko bayan buɗa-baki. Mai ciki da mai shayarwa, da wanda ya taɓa shiga yanayin zumuɗi da rashin barci da kashe kuɗi ba lissafi, kada su sayi maganin a kemis da kansu. Matasa 'yan ƙasa da shekara 25 kuwa, iyaye su sa musu ido sosai a makonnin farko na shan maganin.

Ina kuma roƙon jama'a su yi hattara da masu tallar awarwaro ko hular maganaɗisu a kasuwa da tashar mota, domin ba su da wata alaƙa da injin asibiti. Wanda ke son sanin ko TMS ya dace da shi, ya je sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe, ya tafi da kwalayen duk magungunan da ya taɓa sha, ya faɗi tsawon lokacin da ya sha kowanne. Wanda kuwa ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.