Abin da Ya Haɗa Mazhabobin Addinin Buda

Addinin Buda ba shi da littafi guda da kowa ya yi ittifaƙi a kansa, ba shi kuma da shugaba guda. Manyan rassansa uku ne: Theravada a Siri Lanka, Tailan da Myanmar, Mahayana a Sin, Koriya da Japan, sai Vajrayana a Tibet, Butan da Mongoliya. Kowane reshe da nasa taskar littattafai. 'Yan Theravada suna da Tipitaka, wato "kwanduna uku", cikin harshen Pali, wadda aka yi ta hardacewa baki da baki har aka rubuta ta a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa. Taskar Sinanci ta fi ta girma nesa ba kusa ba; bugun Taisho na Japan, daga 1924 zuwa 1934, ya kai mujalladi 100. Tibet kuwa tana da Kangyur, maganganun Buda, da Tengyur, sharhin malamai a kansu.

Dukkansu dai ga mutum ɗaya suke komawa, Siddhartha Gautama, wato Buda ("wanda ya farka"), wanda aka haifa a Lumbini cikin Nepal ta yau, ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Varanasi. Duk wanda zai shiga addinin, ko a wace ƙasa, da kalmomi iri ɗaya yake shiga: ya nemi mafaka ga Buda, ga koyarwarsa da ake kira Dharma, da ga jama'ar sufaye da ake kira Sangha.

Jigon koyarwar shi ne gaskiya huɗu: akwai wahala a rayuwa, kwaɗayi ne tushenta, tana iya ƙarewa, kuma akwai tafarki mai rukunai takwas da ke kai wa ga ƙarewarta. Tare da wannan akwai aƙidar cewa duk abin da ya samu, dalili ne ya samar da shi, kuma in dalilin ya gushe shi ma zai gushe. Wani gajeren baiti da ke ɗauke da wannan ma'ana, mai farawa da "ye dharma hetu", an tono shi rubuce a kan allunan yumɓu da gumaka tun daga Indiya har tsibirin Java. Haka nan tsofaffin huɗubobin da ke cikin Nikaya, kundin huɗubobi na taskar Pali, suna da takwarorinsu a Agama, irin wannan kundi na taskar Sinanci, sau da yawa da labari ɗaya da tsari ɗaya, alhali ta hannun mazhabobi daban suka biyo.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a kan haɗin rassan ita ce Vinaya, dokokin zaman sufaye. Sufin Theravada yana kiyaye doka 227, na Sin 250, na Tibet 253. Adadin ya ɗan bambanta, amma manyan laifuka huɗu da ke fitar da mutum daga sufanci har abada ba su sauya ba: saduwa, sata, kisan mutum, da yin ƙaryar kai wa wani matsayi na ruhi. Matafiyin nan ɗan Sin, Yijing, da ya zauna a Indiya a ƙarni na 7, ya rubuta cewa 'yan Mahayana da sauran sufaye doka ɗaya suke bi. Japan ce ta fita daban, don mafi yawan limamanta suna aure.

Saɓanin da ke tsakani ba ƙarami ba ne. Theravada tana ɗaukaka arahant, wanda ya kai ga nibbana, wato ƙarewar wahala. Mahayana ta fifita bodhisattva, mai alwashin zama Buda domin ceton dukkan halittu, ta kuma karɓi littattafan da Theravada ba ta yarda maganar Buda ba ce. Shi ya sa a 1967, a taron sufayen duniya na Colombo, malamin nan na Siri Lanka, Walpola Rahula, ya gabatar da jerin abubuwan da rassan suka yi tarayya a kai, wakilan mazhabobin kuma suka amince da shi.