Batirin motar lantarki ba irin na waya ba ne

Hausawan Jidda sun daɗe suna cewa zafin Saudiyya zai kashe batirin motar lantarki cikin shekara biyu. Ba haka ba ne. Yawancin motocin yanzu da ruwa ake sanyaya batirinsu. Kamfanoni da dama, har da Tesla, suna ba da garantin shekara 8, su gyara idan ƙarfin batirin ya yi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari. Zafi dai yana cin sa a hankali, don haka kada a cika shi maƙil a ajiye a rana.

Ƙarin garantin da dillalai ke tallatawa kuwa, sau da yawa babu batiri a ciki. Ni dai ba zan biya ba sai na ga ya haɗa da na'urar sanyaya mota.